Shan Ruwa da Agogon Makka

Ba zan taɓa mantawa da wannan yammaci ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin ƙauyuka huɗu ne suka ɗauki nauyin tuna mini duk shekara in watan azumi ya kama. Saboda haka gara in ba da labarin da bakina kafin Iro ya riga ni, don shi in ya tashi bayarwa sai ya ƙara gishiri da yaji da abin da ba a yi ba.

Iro taubashina ne, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ka ga ke nan a al'ada bawana ne. Sai dai bawa ne irin wanda tun muna yara bai taɓa ɗaukar mini ko buta ba, aikinsa ɗaya a duniya shi ne ya jira in yi tuntuɓe ya tara mutane.

Amma bari in fara yi muku ɗan karatu, don kada ku ɗauka jahili ne ya tafka wannan aika-aika. A'a, mai ilimi ne. Na yi ajin yaƙi da jahilci a Bagwai har rani biyu (ba don jakinmu ya ɓata na tafi nemansa ban koma ba, da yanzu wataƙila a jami'a nake koyarwa), kuma fannin da na fi ƙwarewa a kai shi ne lokaci.

Da muka taso ba mai agogo a ƙauyenmu. Ladan yakan fita fili ya juya wa rana baya, ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, in ta kai yadda yake so ya kira salla. Asuba kuwa aikin zakara ne da gamzaki. In za ka yi alkawari da mutum sai ka ce da hantsi, ko in rana ta take, ko bayan la'asar, kuma ban taɓa jin an ce wani ya makara ba, don babu abin da za a gwada shi da shi. Ana nan sai rediyo ta shigo, muka fara jin masu labarai na ƙasashen waje suna cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato kaza a Najeriya da Nijar. Na daɗe ina zaton Jiyamti wani hamshaƙin bature ne mai ƙaton agogo a zaure, kowa sai ya leƙa gidansa ya saita nasa.

Malaminmu na yaƙi da jahilci ne ya warware mini, da lemon zaƙi. Ya ɓare shi a gabanmu ya ce da can kowane gari a duniya da tasa tsakar ranar, kamar yadda muke. Da jirgin ƙasa ya zo sai abin ya rikice, jirgi ya tashi da agogon wannan gari ya isa da agogon wancan, fasinja yana tsaye a tasha da ƙunshinsa alhali jirgi ya wuce tun ɗazu. Shi ne manyan ƙasashe suka zauna suka tsattsaga duniya kamar lemon nan, kowace tsaga da awarta, suka ja layin farko ta wata unguwa a Ingila, daga can kowa yake ƙirgawa.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, da aka yi zaman, wa ya wakilci Bagwai?"

Ya ce babu.

Na ce, "To ni dai ban sa hannu ba."

Aji ya kwashe da dariya, malam kuma ya shanye lemonsa shi kaɗai. Amma maganar ta zauna mini a ciki shekara da shekaru.

To, sai Allah ya buɗa wa babban ɗana, wanda yake sana'ar nama a Bacirawa can birni, ya biya mini kujerar Makka. Muna cikin jirgin sama aka yi sanarwa cewa kowa ya tura agogonsa gaba da awa biyu. Ni ba ni da abin turawa, sai na tura hulata gaba don kada a ce ban yi komai ba. Da muka isa kuwa, abin da ya fara tsaya mini a rai bayan Ɗakin Allah shi ne wani gagarumin agogo da aka kafa a can saman bene, wanda sai hularka ta faɗi kafin ka ga ƙarshensa. Na ce yawwa, ga inda ya kamata a ja layin tun farko. Washegari na shiga kasuwa na sayi agogon hannu ruwan zinare, mai nauyi kamar ƙotar fartanya, na tsaya a tsakiyar titi na saita shi daidai da na saman benen nan, alhazan duniya suna ta ture ni.

A hanyar dawowa aka sake sanarwa, a mayar da agogo baya. Duk alhazai suka sunkuya suna murɗawa. Ni kuwa na naɗe hannu. Agogon da aka saita a gaban Harami, ni zan mayar da shi baya saboda taron da ba a gayyace ni ba? Wanda ke kusa da ni ya ce, "Alhaji, ba ka gyara naka ba." Na ce, "Nawa a gyare yake, ku ne kuke ɓata naku."

Haka na sauka a ƙauye da agogo mai gudu awa biyu gaban kowa. Kada ku ce ban san da bambancin ba, na sani sarai. Dabarata ita ce, in na duba sai in cire biyu a zuci (wato da yatsu, a cikin hannun riga, inda ba mai gani). In mutum ya tare ni ya ce, "Alhaji, ƙarfe nawa?" sai in gyara tsayuwa, in janye hannun riga a hankali yadda zinaren zai haska masa ido, in ce, "Wanne kake so, na gaskiya ko na gwamnati?" Muna zaune a gindin ɗorawa ana hira, sai in duba in yi ajiyar zuciya in ce, "Allahu akbar, yanzu a Makka an yi magariba." Mutane su ce Allah ya kai mu. Iro ya ce, "Allah ya mayar da kai, mu huta."

Tsohuwata, wato uwar 'ya'yana, ita ma ba ta taimaka ba. Ita har yau Malam take ce mini, ba ta kirana Alhaji sai in za ta yi mini ba'a. Na taɓa shiga gida na ce ina tuwo, ga dare ya yi a agogo. Ta ce, "Alhaji, ai sai ka je can inda daren ya yi su zuba maka. Nan ko daka ba a gama ba."

Yanzu ga abin da ya jawo tsiyar. Ladaninmu, Malam Tanko, tsufa ya ci masa, murya ta dushe, gwiwa ta ƙi. Daidai lokacin kuma samarin ƙauyenmu da ke neman kuɗi a birni suka haɗu suka kawo wa masallaci lasifika sabuwa fil, da makirfo da batirin mota. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ku san yadda ƙasarmu take, gona na jikin gona, gida na hango gida, in ka yi atishawa a ƙauyenmu sai a yi maka addu'a a Unguwar Maƙera. Su Maƙera da Gidan Dogo da Kwarin Tsamiya duk ba su da lasifika, don haka ladanansu suka daina wahalar duba rana, suka koma jiran tamu. Da mun kira sai na Maƙera ya ɗauka, na Gidan Dogo ya karɓa daga gare shi, har ya kai Kwari. Wanda ya riƙe makirfon nan, shi ke riƙe da lokacin ƙauyuka huɗu.

Mu biyu muka nuna muna so, ni da Iro. Ni ina da murya, ina da agogo, na kuma ji yadda ake jan kiran salla a ƙasar da aka fara shi. Iro ba shi da komai sai wata 'yar waya mai tocila da murya irin ta tsohon ƙyauren kwano. Liman, mutum ne mai gudun ɓacin rai, ya ce ga azumi ya zo, mu riƙa karɓa-karɓa, yau ni gobe shi, bayan salla jama'a su zaɓi wanda ya fi kiyaye lokaci. Ku duba girman abin da ke gabana. In na faɗi, muryar Iro zan riƙa ji sau biyar kullum, ta saman kaina, har ranar da za a ɗauke ni. Ban ga laifin da na yi wa Allah da zai kai ga haka ba.

Rabin watan farko na yi abin a yaba. Ko sau ɗaya ban kuskure ba. Na duba, na cire biyu, na kira. Har mata suka fara cewa ranar Alhaji kunu ya fi daɗin sha. Iro ya fara rama (ya ce azumi ne, amma ni na san hassada ce).

Shekarar kuwa irin shekarun nan ne da azumi yake faɗowa tsakiyar damina. Gero ya yi kai, ciyawa ta taso kamar an aiko ta, ba yadda za ka yi ka zauna a gida. Ranar da abin zai faru, ranar kirana ce. Tun safe ina gona ina fama, ga zafi irin mai ɗanɗanon ruwa, wanda iska ba ta motsi sai gumi. Kafin azahar harshena ya zama kamar busasshiyar kuɓewa. Na daure na kira azahar, na daure na kira la'asar, aka yi salla aka watse. Na ce bari in ɗan kishingiɗa a ɗan ɗakin da ake ajiye batir, in miƙe baya kawai, ba barci ba. Ni ban san ina da gwanintar barci haka ba.

Abin da ya tashe ni wata iska ce mai sanyi da ta bugo ƙyaure. Na buɗe ido na ga ɗaki baƙi ƙirin. Na leƙa waje, gari ya yi duhu, hadari ya haɗo tun daga gabas ya rufe sama ruf, ba rana ba alamarta. Kajin maƙwabcin masallaci duk sun hau katanga sun takure, sun yi shirin kwana (ina so a rubuta wannan, don a san ba ni kaɗai aka ruɗa ba, kuma su kajin ba wanda ya taɓa yi musu gori). Ga ƙanshin man ƙosai yana tasowa daga wani gida. Na kai agogo kusa da ido, na ga bakwai saura kaɗan.

Magariba! Na makara!

Jama'a, wata tara ina cire biyun nan. Ina cire ta a gona, ina cire ta a kasuwa, ina cire ta ko daga barci aka tashe ni. Amma ran nan, da ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, sai ciki ya tare shi a hanya ya ce, kawo nan, ni zan yi lissafin. Shi kuwa ciki bai iya ɗebewa ba, tarawa kaɗai ya sani. Abin da kawai ya zo mini shi ne fuskar Iro gobe a gindin ɗorawa yana cewa mai agogon zinare ya bar mutane da yunwa.

Na daka tsalle na haɗa waya da batir, na ƙwanƙwasa makirfo sau biyu, na toshe kunne da yatsa. Sannan na saki murya. Wallahi ban taɓa kiran salla mai daɗin na ran nan ba. Na ja shi, na lanƙwasa shi, na kai shi sama na sauko da shi a hankali irin na can. Ina sauke numfashi na ji na Maƙera ya ɗauka. Can na ji na Gidan Dogo. Can ƙasa-ƙasa, iska ta kawo mini na Kwari. Na tsaya a ƙofar masallaci ina jin muryata tana tafiya gari-gari a bakin wasu, na ce a raina, Iro, sai dai ka nemi aikin shara.

Na ciro dabinon Madina guda uku da nake ɓoyo a aljihu don manyan ranaku, na yi bismilla, na bi da ruwan randa kofi biyu.

Nan da nan gari ya ruɗe. Yara suna gudu da kwanuka, mata suna ƙwala wa juna kira ta kan katanga, ana cewa yau kuma wace irin rana ce, ko ƙullu ba a gama ba. Maza suka fara ɓullowa daga gonaki da fartanya a kafaɗa, kowa bakinsa na motsi. Tabarmar ƙofar masallaci ta cika da kunun tsamiya da bai gama dahuwa ba da ƙosai mai ɗanyen ciki, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Iro ya iso da ƙwaryar fura, ya ce wayarsa tana wurin mai caji, ya zauna ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya.

Liman ya fito yana gyara rawani, dabino a hannu bai kai baki ba tukuna. Ya dubi sama, ya dube ni.

"Alhaji, yau kam ranar ta yi sauri. Kamar yanzu muka sallame la'asar."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai haka rahama take. In Allah ya ga bayinsa sun galabaita sai ya naɗe musu yinin."

"Ka dai duba da kyau?"

Wannan tambaya ta ɗan sosa mini rai. Na janye hannun riga, na kai masa agogon har gaban hanci. Ya karanta da kansa, ya ce, "Bakwai saura. To, alhamdu lillahi." Ya jefa dabino a baki. (Shi ma ya san da zancen biyun nan, duk garin an sani. Amma na lura ba wanda ya taɓa kawo wannan a cikin labarin. Liman ne, an bar shi. Ni ne dai marar gata.)

Aka ta da iƙama, muka yi sahu, ni a bayan liman daidai, ƙirji a buɗe. Masallacinmu ƙofarsa ta yamma take, wato tana bayanmu in mun fuskanci alƙibla. Liman ya yi kabbara ya fara karatu a bayyane. Iskar nan kuwa tana ta kaɗawa a waje, hadarin da ya tsorata kowa ashe na wucewa ne, ko ɗigo bai sauke mana ba.

Muna tsaye a raka'a ta farko sai na ga bangon gaba yana yin haske. Na ce ko wani ne ya kunna tocila. Hasken ya ƙaru, ya yi ruwan ɗorawa. Sai ga inuwoyinmu sun fito a jikin bango, reras, sahu guda, kowa da hularsa. Ga inuwar rawanin liman, ga tawa a bayanta, har da kunnuwana. Na ji ɗumi a ƙeyata, irin ɗumin da na sani tun ina yaro, wanda ba ya fitowa daga tocila.

Liman ma ya ga abin da na gani. Ya ja aya, ya tsaya, ya sake ja. A waje wani zakara ya sauko daga katanga, ya karkaɗe fiffike, ya yi cara.

Liman ya yi sallama ya yanke sallar. Sahu gaba ɗaya muka waiwaya. Ga ta nan. Rana ce fa, ba 'yar ja mai shirin faɗuwa ba, fara tas, tana zaune a can saman ɗorawa kamar wadda ta zo kallonmu, ko niyyar tafiya ba ta yi ba.

Wani dattijo a ƙarshen sahu ya yi gyatsar kunu, ya ce astagfirullah.

Sai Iro, da fura a gemunsa, ya leƙo ta gefen sahu, ya yi murya ƙasa-ƙasa irin ta mai gaisuwar mutuwa.

"Ubangidana. Ka cire biyun kuwa?"

Na buɗe baki. Na duba agogo. Na duba rana. Na sake duba agogo, ko zai tausaya mini ya canja magana. Abin da ya fito daga bakina, kuma har gobe ban san wanda ya sa shi a ciki ba, shi ne, "Ai a Makka an sha."

Masallaci ya fashe. Wasu na salati, wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na yi duka biyun a haɗe. Iro ya kwanta a tabarma yana shure-shure, yana cewa, "A Makka an sha! Jama'a ku kwantar da hankalinku, a Makka an sha!" Wani ya ce to a kawo mota mu bi azuminmu can. Ni kuwa ina tsaye, ina roƙon ƙasa ta yi mini alfarma ta tsage, ta ƙi.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, amma yanzu wajibi ne kowa ya kame baki har rana ta faɗi da gaske, kuma a can cikin gidaje da sauran ƙauyuka mutane suna nan suna ta ci. Dole a sanar da su. Ya dube ni.

"Alhaji, muryarka suka ji suka fara. Ita za su ji su daina."

Haka na koma ɗakin batir. Na ɗauki makirfon da na gama yi wa ado da murya ɗazu, na ce, "Salamu alaikum jama'a. A dakata da ci. Ina cewa a dakata da ci. Wanda ya kai loma baki ya fito da ita. Rana ba ta faɗi ba, an samu ɗan kuskure daga wajen... daga wajen na'ura." Ta bayana Iro ya zuro kai ya ƙwala a cikin makirfon, "Na'urar tana da gemu!" Wannan ma ya tafi har Kwari. Kuma don tsiya, sai na ji ladanin Maƙera ya hau katanga yana maimaitawa, a dakata da ci, na Gidan Dogo ya karɓa. Yadda kiran ya bi gari-gari, haka kunyar ta bi sawunsa, ba ta tsallake gida ko ɗaya ba.

Awa biyun da suka biyo baya su ne mafi tsawo a tarihin lokaci, kuma ina faɗin haka ne a matsayin masani. Mutum ya ɗanɗana kunu, an tayar masa da ciki, sannan an ce ya zauna ya kalli kwano. Ba wanda ya tafi gida. Duk suka zauna a ƙofar masallaci, kwanuka a rufe a gabansu, suna duban rana, suna dubana. Sarkin Maƙera ya iso a kan keke, ko sallama bai yi ba ya ce, "Ina mai agogon?" Aka nuna ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ya sha fura ludayi goma sha biyu, matarsa ta sha, surukarsa da ba ta taɓa karya azumi ba tun tana budurwa ta sha, yanzu tana can tana kuka. Na ce a ba ta haƙuri. Ya ce in je in ba ta da kaina, tana da taɓarya a kusa.

Da rana ta faɗi, faɗuwa ta gaskiya wadda kowa ya raka ta da ido har ta shige, liman ya miƙa wa Iro makirfo. Ƙyauren kwano ya buɗe baki ya kira. Muka kasa kunne. Maƙera shiru. Gidan Dogo shiru. Sai da taurari suka fito sannan muka ji na Maƙera ya kira nasa, a hankali, kamar mai tsoron a kama shi.

Na so in kwana a masallaci, amma yunwa ta kora ni gida. Na tarar da tsohuwata zaune a tsakar gida, yatsanta naɗe da tsumma, mai ya fallatsar mata garin saurin suya. Ta tashi har da ɗan russunawa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. An sauka lafiya? Ya mutanen Makka, sun sha ruwa lafiya?"

Na ce a ba ni tuwo.

Ta ce, "Wanne kake so, na gaskiya ko na gwamnati?"

Washegari a wurin tafsiri aka yi tambayar da kowa ke jira. Iro ya miƙe ya ce shi a ganinsa kaffara ta hau kaina, azumi sittin-sittin a madadin kowane baligi na ƙauyuka huɗu, in na fara yanzu wataƙila jikokin jikokina su ƙarasa. Ni kuwa ban tabbata wasa yake ba. Liman ya ce a'a, wanda ya sha ruwa bisa zaton rana ta faɗi ba kaffara a kansa, ramuwar yini ɗaya ce kawai, kowa ya rama nasa. Bayan salla kuwa dattawan ƙauyukan suka ga gara a haɗu a rama rana ɗaya, don kada wani ya manta. Aka sa rana. Gari ya yi tsit, mai shayi bai hura wuta ba, mai ƙosai ba ta fito ba, baƙo ya zo wucewa ya tambaya ko wani sabon wata aka gani. Aka ce masa a'a, azumin Alhaji ake yi. Sunan da ya zauna ke nan har yau.

Zaɓen ladan kuwa ba a ma yi shi ba. Liman ya ce a ɗaga hannu, kafin ya rufe baki Iro ya riga ya rataya makullin ɗakin batir a wuya. Na ɗaga wa kaina hannu ni kaɗai, na waiwaya na ga ba kowa, sai na yi kamar ƙeya nake sosawa.

Amma liman mutumin kirki ne, bai bar ni hannu sake ba. Ya kira ni gefe ya ce akwai aikin da ya daɗe yana neman wanda ya dace da shi, sai yanzu Allah ya nuna masa. Na gyara tsayuwa. Ya ce tashin mutane sahur. "A nan, Alhaji, ko ka riga lokaci da awa biyu, zagi kawai za ka sha. Ba wanda zai rama."

Na karɓa, kuma ina yi har yanzu, da tsohon galan da sanda. Muryar Iro kuwa ina shan ta sau biyar a rana, kuma in ya gama kiran magariba a watan azumi yakan bar makirfo a kunne ya ce, "Wannan na nan garin ne, jama'a, a sha lafiya."

Darasin da na koya, na kuma ba ku kyauta don na riga na biya: har gobe ban sa hannu a taron turawan nan ba, amma na gane ita rana ba ta halarci nawa taron ba, kowane gari inda ta same shi nan take sallamarsa. Sannan mai jin yunwa kada a ba shi lissafi. In kuma dole sai an ba shi, to don Allah a raba shi da lasifika.